Ƙaramin Ƙamus da Birkin Tifar Yohanna

Wajen azahar motar Kano ta sauke mu a Zuba, a shekarun nan da Abuja ke ta gini ta kowace kusurwa, duk inda ka ɗaga kai sai ka ga ƙarfen ɗaga kaya ya miƙe sama. Sunana Lawali, daga Damagaram na fito, kuma makanikin manyan motoci ne ni. Abin da na tsallako iyaka da shi jakar tufafi ce da akwatin kayan aikina. Matata Hadiza da yaranmu biyu na bar su a gidan yayana, na ce musu nan da wata uku za su ji alheri.

Ban daɗe da sauka ba wani mutum ya yi mini sallama daga kan benci a ƙofar wani shagon taya. Siriri ne, fes da shi, ya ce sunansa Sale. Da ya ji irin Hausata sai ya ce ai shi ma kakarsa 'yar Magarya ce. Ya tambaye ni damina, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce na taki sa'a, akwai wani kamfanin hanya da ke neman irina ruwa a jallo, sai dai ofishinsu a cikin gari yake, kuma masu gadi ba sa bari a shiga da ƙarfe.

"Bar akwatin a shagona," in ji shi. "Kai musu wannan takardar ka dawo. Nan da can ne."

Adireshin da ya rubuta mini ya kai ni wani kangon gini da ciyawa ta cinye. Kafin magariba na koma Zuba. Mai shagon taya na gaskiya ya dube ni da tausayi ya ce shi bai san mutumin ba, inuwa kawai ya roƙa ya sha, kuma ya ga lokacin da ya ɗora akwatin a kan mashin ya ɗauka nasa ne.

Ban yi ihu ba. Na zauna a kan bencin nan ina duban tafin hannuna. Kayan nan shekara da shekaru nake tara su ɗaya bayan ɗaya, ko a duhu na laluba na san wanne na taɓa.

Daga Zuba sai Kubwa. Na yi mako uku ina ɗaukar bulo a wani gini, ina kwana a barandar masallaci. Mutane ba su wulaƙanta ni ba, dariya dai suke yi idan na buɗe baki. In ce kamyo, su ce babbar mota. In ce montur, su ce agogo. Na tambayi wani lebura ko ya yi lakwal, wato makaranta, ya ce bai taɓa cin sa ba. Lokacin da ya fi yi mini nauyi shi ne bayan la'asar, lokacin da a gida muke ɗora shayi a ƙofar gareji, kowa ya zo da labarinsa. A nan kowa sauri yake yi ya samu motar komawa unguwarsu. Idan na kira Hadiza sai in ce mata aiki lafiya lau, ita kuma ta ce yara lafiya lau, amma kowa ya san ɗan'uwansa ya rage wani abu.

A wurin ginin nan na haɗu da Yohanna. Direban tifa ne, mutumin kudancin Kaduna, ƙato mai yawan dariya. Ya kawo tsakuwa ya juye, mota ta ƙi tashi. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya fara gajiya. Daga inda nake tsaye da bulo a ka na ji iska ce ta shiga layin mai. Na sauke bulon, na ari sifana ɗaya a wurin masu ɗaurin rodi, na saki noti, na yi famfo har mai ya fito tas ba kumfa. Na ce ya tayar. Bugu ɗaya ta tashi.

Ya sauko yana kallona. "Kai, mutumina! Kana da wannan hannu kana ɗaukan bulo? Shiga mota."

A hanya ya tambaye ni yadda muke kiran oga a ƙasarmu. Na ce idan malami ne ko ma'aikaci mukan ce mushe. Ya yi dariya har sai da ya rage gudu. "Kar ka kira kowa mushe a nan, za su maka duka!" Ranar ya ba ni tabarma a ɗakinsa a unguwar Dutse, kusa da Kubwa, ya nuna mini gabas da kansa, ya cire wani hoto daga bangon gabas ɗin ya mai da shi ɗaya bangon, ba tare da na ce masa komai ba.

Kamfaninsu na fasa dutse ne, a bayan wani tsauni a kan hanyar Bwari. Masu shi 'yan Chaina ne, waɗanda mu a gida muke kira Shinuwa. Mai kula da gareji wani dattijo ne gajere mai furfura, sunansa Liyu, ma'aikata suka mai da shi Oga Aliyu. Turancinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowa a bakinsa sunansa "Ei!" Yohanna ya yi ta nuna ni yana murɗa hannu kamar mai ɗaure noti. Oga Aliyu ya yi alamar takardar shaida. Na ba shi tawa, da Faransanci take, ya juya ta sama da ƙasa ya mayar mini. Ya yi alamar kayan aiki, na buɗe masa hannuwana. Sai ya miƙo mini bokiti da tiyon ruwa. Haka na zama mai wankin tifa.

A mako na biyu na ga abin da ya hana ni sukuni. Yohanna ya dawo daga lodi da rana tsaka, motar ta yi zafi, na watsa ruwan sabulu a ƙarƙashinta. Sai na ga kumfa tana tasowa a jikin tiyon iskar birki, daidai inda ya ratsa kusa da salansa. Na kasa kunne, na ji wani siririn huci. Irin waɗannan motocin da iska birkinsu yake kamawa. Tiyon ya tsage, amma tsagar ba ta buɗewa sai ya sha zafi ya yi laushi. Da safe, yana sanyi, ba abin da za ka gani.

Hanyar da tifa ke bi daga bakin dutse gangara ce mai tsawo, a ƙarshenta akwai kwana, a bayan kwanar akwai bishiyar da mata masu abinci ke zama. Yohanna yana sauka gangaren nan da cikakken lodi sau da yawa a yini.

Na ruga wajen Oga Aliyu na ja hannun rigarsa. Yana kan gyaran injin fasa dutse, ya ɗaga mini hannu in jira. Kafin ya zo mota ta huce. Na watsa sabulu, ba kumfa. Ya hau ya taka birki, ya kama ƙam. Ya sauko ya yi mini faɗa da yarensu, ya nuna mini bokitina. Da tafintan kamfani ya zo daga ofis tare da manaja, na tare shi na yi masa bayani. Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa ya ce, "Kai makanike ne ko mai wanki?" ya wuce. Ni kuwa ba dama in gyara da kaina. Makullin sito yana wuyan Oga Aliyu, kuma mai wanki in ya taɓa noti ranar zai bar aiki.

Na ce wa Yohanna ya ƙi hawa motar.

"In na ƙi, ka ga mutane nawa suna tsaye a get da lasin a hannu? Yarana huɗu, Lawali. Zan riƙa saukowa da giya ɗaya. Allah yana nan."

"Allah yana nan, amma tiyon ma yana nan, kullum tsagar ƙaruwa take."

Na ce masa matsalar ba taurin kai ba ce, mutumin nan makanike ne na gaske, na ga yadda yake sauraron inji. Kalma huɗu ko biyar kawai nake buƙata in sa masa a kunne. A lakwal mun yi amfani da ƙamus na Faransanci da Turanci, ba za a rasa na Sinanci ba a gari kamar Abuja.

"Sista na tana sayar da tsohon littafi a Wuse," in ji shi. "Maman Tabita. Amma don Allah kar ka gaya mata maganan birki."

Ranar Juma'a ana ba Musulmi hutun rabin yini. Ana sallame salla na hau mota zuwa Wuse. Rumfar tata a gefen kasuwa take, littattafai jibge har rufi, na makaranta da na coci da na girki. Ita kuma mace ce mai jiki, da tabarau a rataye a wuya, kamarsu ɗaya da Yohanna.

"Kai ne ɗan Nijar da Yohanna yana magana? Zauna, ƙanena. Me kana nema?"

Na gaya mata. Ta yi ɗan tunani, ta shiga can ciki ta jawo wani kwali. Ta ce wani ma'aikacin gwamnati ne da ya yi kwas a Chaina ya sayar mata da littattafansa gaba ɗaya, tun bara ba wanda ya tambaya. Ta kaɗe ƙura ta jera mini guda uku a kan tebur.

Na farko ƙato ne mai baƙin bango, nauyinsa ya kai na bulo. Na biyu siriri ne mai sheƙi, cike da hotuna masu launi. Na uku ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannuna ba, bangonsa na roba ja, gefensa ya yi baƙi saboda shafa.

Idona ya tafi kan mai hotunan. Na ga jirgi, na ga gado, na ga kwanon shinkafa, na ce a raina ko ban iya karatu ba zan gane wannan. Maman Tabita kuwa ƙaton ta dafa. "Wannan ne cikakke. Komai yana ciki."

Na ce mata ni Turancina kaɗan ne, sai ta taimake ni. Zan faɗi kalma da Hausa, ta ba ni ita da Turanci, mu neme ta a cikin ukun, wanda ya amsa shi zan ɗauka. Ta ce wannan dabara ce, ta sa tabarau.

"Birki," na ce.

Mai hotunan ba shi da birki. Akwai yadda za ka nemi ɗaki a otal, da yadda za ka ce abinci ya yi daɗi. Muka ture shi gefe. Ƙaton yana da birki, har kashi-kashi. Ƙaramin ma yana da shi.

"Iska. Yoyo. Zafi." Duk muka same su a biyun. Na ce, "Haɗari."

Ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau. "Birki, yoyo, haɗari. Birkin wane ne?"

Na ce na wata mota ce a wurin aiki.

"Wa yana tuƙa motan?"

Na yi alkawari, amma ban iya yi wa matar nan ƙarya ido cikin ido ba. Na sunkuyar da kai. Ta cire tabarau ta ajiye a hankali. Wata mata ta tsaya tana tambayar littafin lissafi na 'yan firamare, ta ce mata ta dawo gobe. Ta jawo kujerarta kusa da tawa.

"To, mu yi shi da kyau. Ɗauki babban."

Na buɗe ƙaton na daɗe ina dubawa, sai na gane abin da ke damuna da shi. Kalmar Turanci ce, sai zanen rubutunsu a gabanta, shi ke nan. An yi shi ne don ɗan Chaina mai koyon Turanci, wanda ya riga ya san yadda ake faɗin nasa. Ni zan iya nuna wa Oga Aliyu da yatsa, amma bakina ba zai iya furta ko ɗaya ba. Ƙaramin kuwa, a gefen kowane zane an rubuta yadda ake faɗinsa da baƙaƙen boko, da wasu 'yan alamomi a sama irin waɗanda na sani a Faransanci.

"Ka nuna masa da yatsa mana, ai ya isa," in ji ta.

"In na nuna masa, zai ba ni amsa. Amsar fa, a ina zan same ta?"

Muka juya ƙaton daga farko har ƙarshe, hanya ɗaya ce, daga Turanci zuwa Sinanci. Muka juya ƙaramin, sai ga shi kashi biyu ne. Rabin baya ya fara da kalmominsu, a jere bisa yadda ake furta su, da Turanci a gaba. Wato shi ma zai iya buɗewa ya nuna mini abin da yake nufi, ni ma in na ji kalma a bakinsa zan iya bin sautinta in nemo ta.

Yana da nasa aibin. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, wasu shafuffuka na tsakiya sun saki, kuma da muka nemi salansa ba mu samu ba. Maman Tabita ta ce ka gani, babban yana da ita. Na ce salansa zan iya dafa ta da hannu in nuna masa. Abin da ba zan iya ba shi ne in ce wa mutumin da ba ya jira ya tsaya in je ɗaki in ɗauko littafi. Na zura ƙaramin a aljihun gaban rigata, ya shige daidai, maɓalli ya rufu. Bangon roba kuma ba ruwansa da baƙin mai da ruwan sabulu.

Ta ɗauko gam ta manne shafuffukan da suka saki. Ta yayyaga takarda ta sa mini alama a kowane shafi da muke buƙata, a kan kowace ta rubuta kalmar da Hausa. Muka ƙara "jira" da "rana tsaka" da "gwada". Na sa hannu a aljihu, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Ƙanena ne a cikin motan. Tafi."

Da safen Asabar na tsaya a ƙofar gareji kafin a fara lodi, Yohanna yana bayana. Oga Aliyu ya fito da kofin shayinsa. Na buɗe shafin farko, na cika ƙirji da iska na ce, "Sha-ce."

Ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi Yohanna, sai ya fashe da dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Daga baya na gane alamomin nan ba irin na Faransanci ba ne, hawa da saukar murya suke nunawa, kamar yadda a Hausa garin da ake zama ya bambanta da garin tuwo. Yadda na ja muryata, ba birki na ce ba, wawiyar mota na ce.

Amma dariyar ta sa ya tsaya, kuma abin da nake nema ke nan. Na miƙa masa littafin da yatsana a kan kalmar. Ya ajiye kofi, ya ɗauko tabarau. Na buɗe masa alamomin ɗaya bayan ɗaya. Birki. Iska. Yoyo. Zafi. Haɗari. Yana karantawa dariyar tana barin fuskarsa. Ya karɓe littafin gaba ɗaya, ya juya rabin baya da sauri kamar wanda ya san gidan, ya dafa wata kalma. Turancin ya fi ƙarfina, Yohanna ya leƙo.

"Wai yaushe?"

Na nuna masa rana tsaka, na sake nuna zafi, na je na dafa salansa da tiyon da ke gefenta. Ya sake buɗe wani wuri.

"Wai ka tabbata?"

Na gyaɗa kai. Ya nuna ni, ya nuna get, ya faɗi wani abu da guntun Turancinsa. Wannan ban buƙaci tafinta ba. In ƙarya nake yi, ranar zan tafi. Na sake gyaɗa kai, na buɗe masa "gwada".

Ya hana a yi wa motar lodi. Ya sa Yohanna ya riƙa zagaya filin gareji, inda ƙasa take a shimfiɗe, yana taka birki yana saki. Manaja ya aiko a tambayi dalilin da tifa ke yawo ba kaya, Oga Aliyu ya kori ɗan aiken da hannu. Bayan kamar rabin awa ya tsai da motar. Na shiga ƙarƙashi na watsa ruwan sabulu. Ba kumfa.

Ma'aikata sun taru suna kallo, wani ya ce ɗan Nijar ya jawo wa kansa. Na fito, na lalubi alamar da ta rage na nuna wa Oga Aliyu: jira. Rana ba ta yi ba tukuna, mota kuma ba kaya, ba ta yi irin zafin da take yi ba. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya yatsa sama, alamar Yohanna ya ci gaba.

Zagaye na biyu ya fi na farko tsawo. Da motar ta tsaya, ban ma kai ga bokiti ba na ji hucin. Na watsa sabulu, kumfa ta taso fari fat kamar ana dama ta. Oga Aliyu ya kwanta a ƙasa da rigarsa ya shiga kusa da ni, ya sa yatsa a wurin. Ya fito ya hau gaban motar, muka ga allurar agogon iska tana sauka a hankali, ba wanda ya taɓa komai.

Oga Aliyu ya sauko. Ya taka zuwa bakin fili ya tsaya yana kallon gangaren, har can ƙasa inda hayaƙin masu abinci ke tashi. Yohanna ya zauna a kan taya ya rufe fuska da hula. Can Oga Aliyu ya nufi sito, ya dawo da sabon tiyo a kafaɗa da akwatin kayan aiki, ya dire su a gabana, ya koma gefe ya naɗe hannu.

Na canza tiyon, na kuma sauya masa hanya, na ɗaure shi nesa da salansa. Yana tsaye a kaina har na gama, bai gyara mini komai ba. Ranar ba tifar da ta sauka gangare sai da muka duba ta, muka samu biyu da tiyonsu ya fara laushi a daidai wurin. Ranar Lahadi Yohanna ya dawo daga coci yana sosa ƙeya, ya ce yayarsa ta wanke shi tas a gaban jama'a, kuma ta ce ya kawo ni cin abinci.

Litinin aka ba wani bokitina, ni aka mai da ni gareji. Ranar na kira Hadiza na gaya mata komai, tun daga Zuba. Ta ce ta sani akwai abin da nake ɓoyewa, muryata ba ta iya ƙarya ba.

Daga nan ƙamus ɗin ya zama na mu biyu. Lokacin hutun rana Oga Aliyu yakan miƙo hannu, in ciro masa. Ya koya mini hawa da saukar murya da hannunsa, yana ɗaga shi yana saukewa, ya yi mamakin yadda kunnena ke kamawa da wuri. Ni kuma da fensir nake rubuta Hausar kowace kalma da muka yi amfani da ita a gefen shafi, Turancina ma ya ƙaru ta wannan hanyar. Wata rana ya ciro hoton wata jaririya daga walat ɗinsa, ya nemo mini "jika", ya nemo "ban taɓa gani ba". Na nuna masa yatsu biyu, na kwatanta tsawon yarana da hannu. Muka zauna muna kallon dutse, shi da shayinsa, ni da ruwana, har aka buga ƙarfen komawa aiki.

Bayan kamar wata biyu aka kawo sababbin ma'aikata daga Chaina, matasa uku, don su kafa wani sabon inji. Suna tsaye da Oga Aliyu a bakin janareta suna ta gardama, ni ina can nesa ina kwance taya. Sai na ji ya ɗaga murya ya kira wata kalma da ban taɓa ji ba.

"Shifu!"

Na waiga in ga da wa yake. Ni yake kallo. Matasan uku suka juyo gaba ɗaya suna dubana, ɗaya ya yi murmushi. Raina ya ɗan sosu, na ɗauka wani sunan tsokana ya laƙaba mini a gaban 'yan'uwansa. Na je dai na duba musu janaretar, na gyara, na koma kan tayata ban kalli kowa ba.

Da aka tashi aiki na zauna da Yohanna a gindin bishiyar masu abinci, na gaya masa.

"Ko cif ya ce? Ko shif ya ce, wato tunkiya da Turanci?" Ya yi dariya. "Kawo littafin."

Muka buɗe rabin baya, muka bi sautin. Kalmomin da suka fara da "shi" sun cika shafi da shafi, muka bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har mai abinci ta gaji ta kwashe kwanukanta. Can ƙasan wani shafi Yohanna ya tsaya. Ya karanta a zuci, ya sake karantawa. Ya daina dariya.

"Mene ne?" na ce. "Faɗa mini ko zagi ne."

"Ba zagi ba ne, mutumina. Wai gwani. Wanda ya ƙware a sana'an hannu, har ana koyo a wurinsa. Sun ce sunan girmamawa ne, ba a kiran kowa da shi."

Na karɓi littafin na dubi wurin, ko da yake ba duka nake ganewa ba. Na ciro fensir zan rubuta Hausarta a gefe, na rasa wadda zan sa, na mai da fensirin aljihu.

Washegari da hantsi ina ƙarƙashin wata tifa na ji muryarsa daga can bakin sabon injin, ta keto ƙarar dutse.

"Shifu!"

Na fito, na goge hannu a jikin wandona, na ce, "Na'am, Oga." Na ɗauki sifana na tafi in ga abin da ya lalace.